Takardar da Ban Miƙa Ba

Aikin farko yau: na goge na'urar sikanin, na mayar mata da mayafinta.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban asibiti, likitocinmu, shugabar ma'aikatan jinya, Inna mahaifiyar marigayi, mai ɗakinsa da 'ya'yansa, abokan aiki, sannunmu da haƙuri.

Sau uku na rubuta jawabin nan ina yagewa. An zaɓe ni ne don shekara goma sha shida ina zaune a bakin ƙofar ɗakinsa. Ni ke rubuta sunayen marasa lafiya a rajista, ni ke ba su ruwa su sha har mafitsara ta cika, ni ke kiran lamba. Shi yana ciki, ni ina waje.

Mu a nan Jemage muke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya kwanta sai ya yi masa bayani: "Baba, na'urar nan jemage ce. Sauti take aikawa cikin jiki, ya bugi abu ya dawo, ita kuma ta zana." Ya kasance mai ɗumama kwalbar man shafawa a aljihunsa don kada sanyinta ya firgita mai ciki. Ya kasance ba ya cewa "babu komai" sai ya duba ta fuska biyu. Ya kasance idan ya ga tsakuwa a ƙoda, sai ya juyo da allon ya nuna wa mai ita inuwar da ta bari a bayanta. Mun yi rashin mai ido.

Inna, ki gafarce ni, akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba. Na yi kishin ɗanki. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, teburi ɗaya muka raba. Da aka buɗe gurbin koyon sikanin, shi ya tafi, ni na zauna. Shekaru ina gaya wa mutane cewa an yi son kai. Wasu a cikinku sun ji daga bakina. A littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, na duba jiya, da wuya a samu mako guda da ban ambace shi da ɗaci ba. Ranar da wata tsohuwa ta riƙe hannunsa tana sa masa albarka, abin da na rubuta shi ne: "Ni ne dai na ba ta ruwan."

Ko da matata ta samu ciki, shi ya ga mabiyiya ta tare hanyar haihuwa, ya sa aka shirya tiyata da wuri. Uwa da 'ya suka rayu. Na gode masa da baki. A littafi kuwa na rubuta: "Ya riga ni ganin 'yata."

Ga gaskiyar. Ba a yi son kai ba. Na cike takardar neman gurbin, na karanta ta sau biyar, na ga kamar rubutuna bai kai ba, na ce gobe zan sake dubawa. Har aka rufe karɓa tana cikin littafina. Ga ta nan, ta yi ja.

Ya sani. Kowace shekara sai in buɗe rajista in tarar da sabuwar takarda a ciki. In ya leƙo sai ya ce, "Malam Gobe, an cike ko ana dubawa?"

In ce, "Kai dai koma kogonka."

Wani lokaci in babu layi ya ja ni ciki, ya ɗora kan na'urar a cikinsa. "Mene ne wannan baƙin?"

"Ruwa."

"Farin fa?"

"Ƙashi."

"To me kake jira? Hantata ta gaji da kai."

Haushi nake ji, don ko alherinsa ma ya fi nawa.

Ku 'ya'yansa, ku riƙe wannan: mahaifinku bai taɓa tona ni ba, ko da maganata ta koma kunnensa. Mai ɗakinsa, shekaranjiya kin aiko mini da littafin zane-zanensa, kin ce ya bar wasiyya a ba ni. Ban iya buɗewa ba sai yau da safe. Takardar bana na ciki. Ya cike ko'ina da hannunsa, wurin sa hannu kawai ya bari. Jibi ake rufewa.

Tun rasuwarsa, masu ciki bakwai na mayar gida ba a duba su ba. Ban sani ba ko kan ɗan shekara arba'in da ɗaya zai ɗauki karatun. Har yanzu ina jin da shi ne, da ya fi ni iya wannan jawabin ma.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya haska mana abin da ido ba ya gani, Ya raya abin da ya bari, Ya yafe mini. Amin.

Gobe:
Mayar da kujerun nan ɗakin jira.
Kiran matan nan bakwai, a gaya musu inda za su je.
Kai wa Inna rigar aikinsa, a cire kwalbar man daga aljihu.
Sa hannu. Ba sai na sake karantawa ba.