Sunan da Liman Ke Ambata

A tashar Daura ina jiran motar Baure ta cika, wasu dattawa biyu da ba su san juna ba suna zaune a gabana.

"Ɗana Sagir yaƙi yake da 'yan fashin teku, tare da ƙasashen waje," in ji mai farar hula. "Duk Juma'a sai limaminmu ya sa shi a addu'a."

"Madalla, Alhaji," in ji mai sanda. "Nawa ma sojan ruwa ne, sunansa Kalilu. Naka wane jirgi yake?"

"To, jirgi dai... bai cika faɗa ba."

"Daga Legas suke tashi ko Fatakwal?"

"A Abuja yake."

"Abuja? Yaushe aka kai teku Abuja, Alhaji?"

Mai farar hula ya sunkuyar da kai. "A ofis yake, Malam. Shi ke tsara aikin, ya haɗa taron ƙasashe, ya shirya wa sojoji horo, ya bi kayan aiki har su isa. Da na faɗa a unguwa sai aka ce ashe magatakarda ne. Shi ne na ce ai yana cikin ruwa."

"Ai ba ƙaramin aiki ba ne. Rigar hana nitsewa ba daga sama take faɗo wa yaranmu ba."

"Gobe zan ce wa liman ya daina sa shi a addu'a."

"Kada ya daina. Tun kafin azumi rabona da jin muryar Kalilu. Ka ce a ƙara da sunansa."

Alhaji ya ɗago kai.

"Kalilu ɗan wa zan ce, Malam?"