Tsohuwar da Ta San Sunana

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Yayata Rabi ta ci kyauta a jami'a da bincikenta kan fataken goron Zongon Kumasi. Na raka ta unguwar Dichemso don yi wa tsohuwar da ta ba ta labarin godiya. Sunan kakar babanmu, Hajara, na ci, shi ya sa kowa Iya yake ce min. Amma tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce, "Hajara, kin dawo? Ina zanen da na ba ki ajiya a Salaga?" Zanen yana ƙasan adakarmu, ko Rabi ba ta san da shi ba. Ta ce in kai mata ni kaɗai. Jama'a, in je?