Inda Mai Rakiya Yake Juyawa

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

A cikin dukan ilimin da ɗan Adam ya tara tun farkon duniya, babu wanda ya kai sanin inda mai rakiya zai tsaya ya juya gida. Wani a bakin ƙofa, wani a tasha. Ni kuwa, da na yi furfura ina koyar da labarin ƙasa a nan Kazaure, sai na rasa wurin tsayawa.

'Yata Rifkatu nas ce a can ƙuryar arewacin Kanada. Aikinta yakan kai ta wani ƙauye da babu hanyar mota, sai ƙaramin jirgi mai farfela, wanda a hoto bai fi motar Roni ranar kasuwa ba. Da ta faɗa mini, na sauko da taswira na auna tsakanin filayen jirgin biyu da zare, yadda nake nuna wa ɗalibai. A takarda bai kai gaɓar yatsa ba. A sama kuwa, in ji ta, awa biyu ba kaɗan, kuma ƙasa babu komai sai ruwa da ƙanƙara.

Daga nan na shiga rakiya. Hantsinsu la'asar ɗinmu ce. Duk ranar tafiyarta sai in tsaya a tsakar gida, waya a hannu, ba ci ba zama, ina lissafin inda ta kai, har saƙo ya shigo: "Baba, na sauka." Gani nake in na zauna, jirgin zai faɗo.

Jinina ya hau. Wata rana jiri ya ɗebe ni a gaban allo, 'yan aji suka tare ni. Likita ya ce, "Malam, in ba ka sassauta ba, ɓarin jikinka zai shanye." Na gode masa, na koma tsayuwata.

Ranar wata Talata da za ta yi tafiya, ina tsaye, matata Saratu ta ajiye tuwo ta dube ni.

"Baban Rifkatu, kai ne matuƙin ko kai ne farfelar?"

"Saratu, ba ki san nisan wurin nan ba."

"Ban sani ba, Malam. Amma ranar da ka saka ta a motar Kano, ban ga ka bi motar da gudu ba. Hannu ka ɗaga ka dawo."

Maganar ta zauna mini. Na durƙusa a nan kan tabarma na ce, "Ubangiji, iya nan ƙafata ta kai. Na rako ta, daga nan kuma taka ce." Wata irin natsuwa ta sauko mini wadda ban taɓa ji ba. Na kife wayar, na zauna, na ci tuwo har da ƙari, barci ya kwashe ni ba tare da saƙo ya shigo ba. Haleluya!

Yau jinina ya sauka, likita da kansa ya shaida. Na gode wa Allah da ya kwance ni daga tsoron nan. Ku masu 'ya'ya a nesa, ku rako su zuwa gaban Ubangiji, ku juya gida. Hannunsa ya fi zarena tsawo.

Da na ba Rifkatu labarin ranar a waya, sai ta ce, "Baba, wace Talata? Ai ranar jirgin bai tashi ba. Ina ɗaki ina wanki."