Mangwaron Ƙarƙashin Tebur

A kasuwar Gaya, shekarar da motoci suka koma hannun dama, na ji wani malamin gona yana ciniki da Barira mai mangwaro.

"Inna, masu tsutsar can na ƙarƙashin tebur nake so."

"Ɗan nan, shekara talatin ban taɓa sayar da ruɓaɓɓe ba."

"Ba ci zan yi ba. Tsutsar nan ƙuda take zama, shi kuma akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikinsa. Su za mu bincika, ko a samu maganinsa."

"Ashe ɓarawon ma yana da 'yan haya. Kwashe, kyauta na ba ka. Amma bi ta bayan rumfa. In Larai mai gwaiba ta gan ka, kafin la'asar har garin Ajingi an ji Barira na sayar da tsutsa."