Gwiwar da Ta Hana Ni Shukar Fari

'Yan'uwa, sannunku a cikin sunan Yesu. Sunana Bitrus, ina noma wajen Gangara.

A shekarar farin nan da ciyawa ta ƙare, na hau gawo in sassaɓo wa awaki ganye, reshe ya karye da ni. Ƙoƙon gwiwata ya rabe biyu.

Maɗorin garinmu ya taɓa, ya girgiza kai. "Wagga karaya cikin gaɓa take. In na ɗaure ta, ƙahwa sandarewa za ta yi kamar taɓarya. Tai asibitin Sakkwato."

Can likita ya ce in zaɓa: ko a sa filasta in koma gida da wuri, gwiwa ta daina lanƙwasawa, ko a yi tiyata a ɗaure ƙashin da waya, in daɗe a kwance. Ga damina ta ƙarato, irin geron da muka hana cikinmu yana jira a rumbu. Matata Rifkatu ta ce, "Maigida, da sandararriyar ƙahwa za ka yi noma? A yi aikin."

Aka yi. Ina kwance, Rifkatu na jinyata, sai labari ya zo an yi ruwa a gida, kowa ya shuka. Kowa, ban da ni! Na juya fuskata ga bango na yi kuka. Na ce, "Ubangiji, mi na yi maka? Da mi za ni ciyar da iyalina?" Da na gaji, sai na ce, "To, gonar taka ce."

Ashe ruwan nan na yaudara ne. Sama ta ɗauke, shuka ta ƙone, irin mutane ya tafi a banza.

Na dawo ina dogara sanda, gwiwa ta fara lanƙwasawa, sai ga ruwan gaske. Maƙwabcina Malam Umaru ya shigo, ya kasa haɗa ido da ni. "Bitrus, ba mu da abin shukawa."

Rifkatu ta buɗe rumbu muka raba irinmu da maƙwabta. Su kuma suka shuka mini gonata kafin tasu.

Ban ce don haka na faɗo ba, ban san tunanin Allah ba. Na dai san mun ci gero a shekarar, mu da maƙwabta.

Na gode wa Yesu! Wanda ke ganin an shuka an bar shi, kada ya fid da rai. Amin.