Kifin Ashinuma Ya Rage a Gida Ɗaya

Mai girma shugaban wannan taro, dattijo Hokari, shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta Ashinuma. Mai girma wakilin ofishin gari, wanda ya taso mana tun da sassafe. Malama Sekiya, shugabar makarantar firamare, tare da malamanta. Mai kula da haikalin kan tudu. 'Yan uwana na ƙungiyar masu kiwon kifi a gida, mu da muka ƙaranta har teburi ɗaya ya ishe mu. Iyaye da maƙwabta, da 'ya'yanmu da suka zo daga birni domin bikin girbi: ina gaishe ku gaba ɗaya, ina kuma yi mana barka da ganin shinkafar bana ta shiga rumbu lafiya.

Sunana Fusae Igarashi, ga waɗanda suka daɗe ba su zo gida ba har suka manta fuskata. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama kafin a buɗe kwanukan abinci. Na san wainar shinkafa tana hucewa, na kuma san ba a taru yau domin a ji damuwa ba. Ku gafarce ni. Na yi makonni ina ɗauke da maganar nan ni kaɗai, kuma ta fi ƙarfin mace ɗaya.

Maganata a kan medaka ce, ɗan kifin nan da bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Duk wanda ya yi furfura a ɗakin nan ya taɓa kamfatarsa da tafin hannu a magudanar gona. Launinsa launin laka, sai idanun nan masu ƙyalli. Kakanninmu sun dafa shi a lokacin dusar ƙanƙara, sa'ad da babu wani abin sa wa a kan shinkafa. Sannan aka zo aka zuba wa magudanai siminti, ruwa ya yi ta gudu babu inda ciyawa za ta kama, babu inda kifi zai maƙala ƙwansa. Ba mu ga ranar da ya tafi ba. Mun dai wayi gari wata shekara yara suna leƙa ruwa, babu abin da ke motsi.

Mutum ɗaya ne ya ga abin yana zuwa, shi ne Baba Kuwabara na gidan bakin gada. Kafin motocin siminti su iso magudanar ƙarshe, ya shiga da bokiti ya kwashe abin da ya samu, ya kai gida. Ya kafa musu tankin gilashi a ɗakin zamansa, ya shimfiɗa ƙasar gonarsa a ƙasa, ya dasa ciyawar ruwa da ya tumɓuko daga wannan magudanar, har tankin ya zama kamar an yanko gefen gona an ajiye a ɗaki. Shekara fiye da talatin yana rainon su, zuriya bayan zuriya. Shi ya koya mini dasa ciyawa da ɗan hantsaki, shi ya koya mini in duba cikin macen da safe in ga ƙwai a rataye kamar 'ya'yan inabi. Ranar da na fara kafa nawa tankin, maigidana Tadao ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Fusae, duk wannan hidimar a kan kifin da bai kai lomar kyanwa ba?" Baba ya ɗago kai ya ce masa, "Kai ma ai ba ka da wani nama a jiki, kuma ga shi tana ciyar da kai."

Kun san abin da muka shirya. Makaranta ta haƙa ɗan rafi na ƙasa a bayan filin wasa, babu siminti, aka dasa ciyawa, aka sa rana cewa idan bazara ta zo, yara za su saki kifin Baba a ciki, ya koma ruwan garinsu. Abin da na tashi in faɗa muku shi ne wannan shiri yana cikin haɗari, kuma zan faɗi dalilai bi da bi.

Na farko, abin da ya faru a watan Agusta. A tsakiyar zafin nan da ya hana mu fita gona da rana, Baba ya faɗi a tsakar gidansa, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibitin birni. 'Yarsa Mitsue ta zo a gigice, ta kwashi kayan sawarsa, ta rufe tagogi, ta kashe wutar gidan daga babban makunni, kamar yadda kowannenmu zai yi idan zai bar gida babu kowa. Ina roƙonku kada wani ya ɗora mata laifi. Wadda mahaifinta ke kwance tsakanin rai da mutuwa ba ta tuna injin tace ruwa. Ni kuwa a lokacin ina wajen ƙanwata a bakin teku, labarin bai same ni ba sai bayan kwanaki.

Da na dawo, na kira ta. Na ce, "Mitsue, wa ke ba kifin abinci?" Ta ce, "Inna, na kashe wutar."

Washegari da safe ta zo da mabuɗi muka shiga tare. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare mu. Ɗakin kamar tanda. Rana ta yi ta dukan gilashin ta tsagar labule, injin tace ruwa a tsaye, ciyawar da Baba ya yi shekaru yana gyarawa ta narke ta zama kunu, ruwan ya koma fari. Kifin suna kwance a sama, ciki a waje, sun rufe fuskar ruwan. Mitsue ta durƙusa a kan tabarma ta ce, "Inna, me zan ce masa?" Na kama hannunta na ɗaga ta.

Mun fito za mu zubar da ruwan ne na tuna da tsohon kaskon ƙasa da Baba ke ajiyewa a bayan gida, ƙarƙashin inuwar rufi, inda yake jefa ciyawar da ya rage idan ya yi wa tankin aski. Na ɗaga ganyen da ya rufe shi. Ga su nan, 'yan ƙanana kamar tsinin allura, waɗanda suka ƙyanƙyashe daga ƙwan da ya tafi maƙale a jikin ciyawa ba tare da Baba kansa ya sani ba. Ba su kai ashirin ba. Na kwashe su da cokalin miya, na kai su gidana.

Jama'a, wannan shi ne duk abin da ya rage na medakan Ashinuma a duniya. Ba a gida biyu ba, ba a tanki biyu ba. A gida ɗaya, a tanki ɗaya, a hannun tsohuwar da ta haura saba'in.

Na biyu, halin da nake ciki. Kifin sun girma, suna cin abinci, na ga mata a cikinsu, na ga maza. Amma ku dubi abin da suke jingine da shi. Idan ƙasa ta girgiza, kuma kun san tana girgiza, gilashi ne. Idan cuta ta shiga ruwan, ta shiga wa dukansu a rana ɗaya. Idan zafin baɗi ya fi na bana, kuma kowace shekara sai ya fi, injin sanyaya ɗakina tsoho ne. Idan kuma ni ce na faɗi a tsakar gida kamar yadda Baba ya faɗi, ɗana zai zo daga birni a gigice, ya kwashe ni da Tadao, ya rufe tagogi, ya kashe wuta. A watan jiya an yi 'yar girgiza da rana tsaka muna cin abinci. Tadao ya shige ƙarƙashin teburi kamar yadda aka koya mana, ni kuwa na tsinci kaina a tsaye na rungume tanki, ruwa yana fantsama mini a fuska. Da ta lafa ya leƙo ya ce, "Yanzu da rufin ya faɗo, kifin ne za su kai ki asibiti?" Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Tun daga ranar na daina zuwa ko'ina in kwana. An yi bikin jikar ƙanwata, ban je ba.

Na uku, kuma wannan ya fi yi mini nauyi a baki. Na je duba rafin makaranta domin in ga ko ciyawa ta kama. Ta kama. Amma na ga wani abu yana walƙiya a cikinta, ja-ja kamar lemo. Medaka ne na kanti, irin waɗanda ake sayarwa masu launi domin ado. Wani ya zuba su.

Ba na bukatar a nemi wanda ya yi, domin ta zo da kanta har gida ta faɗa mini, kuma ba zan ambaci sunanta ba. Jikanta ne ya bar mata su da iyayensa suka koma birni. Ta ce, "Yaya Fusae, idona ba ya gani sosai, ba na iya sauya musu ruwa. Na ji an yi wa kifi rafi, sai na ce gara su je cikin 'yan uwansu su sake." Tausayi ne ya kai ta, ba mugunta ba. Amma ku fahimci abin da zai biyo baya. Na kanti da namu suna haɗuwa su haihu. Idan muka saki na Baba a cikin wannan ruwa, shekara biyu ko uku za ku ga rafi cike da kifi, ku yi murna, alhali babu ko ɗaya a ciki da yake na Ashinuma. Siminti ya kore shi muna gani babu kifi. Wannan karon zai ƙare muna ganin kifi.

To, ga roƙona.

Ina roƙon gidaje. Ba na neman gwanaye, ba na neman masu manyan ɗakuna. Ina neman gida biyar ko shida, a unguwanni dabam-dabam, wasu a kan tudu wasu a kwari, domin abin da ya sami ɗaya kada ya sami sauran. Idan bazara ta zo suka fara ƙwai, zan raba muku ciyawa mai ɗauke da ƙwan. Tankuna muna da su, na membobinmu da suka rasu, suna jibge a ɗakin ajiyar wannan zaure, an wanke su. Ni zan zo in shimfiɗa ƙasa, in dasa ciyawa, in zauna da ku har ruwan ya kwanta. Aikin ba ya da yawa: ɗan abinci da safe wanda bai wuce abin da za a tsinta da yatsa biyu ba, sauya kashi ɗaya na ruwan a mako, da nisantar da tankin daga taga. Sharaɗin ɗaya ne mai tsauri: kada a haɗa su da wani kifi, ko da kyauta aka ba ku, ko da jika ne ya kawo yana kuka.

Ina roƙon matasa musamman. Dattijo Hokari ya ce mini ɗazu a bakin ƙofa, "Fusae, ni zan karɓa." Na gode masa, kuma zan ba shi. Amma na ce masa, "Shugaba, kai da ka girme ni, wa zai karɓa daga hannunka?" Idan duk tankunan suka tafi gidajen masu furfura, ba mu warware komai ba, mun ɗaga ranar ne kawai.

Ina roƙon duk wanda ya karɓa ya faɗa wa maƙwabcinsa, ya faɗa wa 'ya'yansa na birni, cewa a gidan nan akwai abu mai rai, ba a kashe wuta. A bar mabuɗi a hannun wani. Da Baba ya yi wannan, da ni na tambaye shi ya yi, da yau ba na tsaye a nan.

Ina roƙon manoma su ba mu hannu da injin jan ruwa, mu ƙafar da rafin makaranta kafin dusar ƙanƙara ta sauka, mu kwashe jajayen nan ɗaya bayan ɗaya, mu bar shi ya bushe har ƙwansu ya mutu. Ba za mu kashe su ba. Malama Sekiya ta yarda a kafa musu tanki a cikin aji. Kuma duk wanda kifi ko ciyawar ruwa ta gagare shi riƙewa, don girman iyayenku kada ku kai rafi. Ku kawo mini. Ba zan tambayi dalili ba.

Abu na ƙarshe. Baba Kuwabara yana raye, amma harshensa bai dawo ba sai kalma ɗaya-ɗaya. Mitsue ta ce duk ranar da ta shiga ɗakinsa, sai ya kama hannunta da hannun da ke motsi, ya yi ta kokawa da bakinsa har ya fitar da "kifi". Ita kuma sai ta ce, "Suna nan, Baba." Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta iya kallon idonsa idan tana faɗa. Ta roƙe ni in je ranar Lahadi in faɗa masa gaskiya, domin ita ta kasa. Na amsa mata. Zan faɗa masa tankinsa ya mutu. Abin da ban sani ba shi ne abin da zan faɗa bayan wannan. Ina so in iya cewa, Baba, akwai a gidan wane, akwai a gidan wance, akwai a kan tudu, akwai a bakin gada. Sunayen nan a bakinku suke. Zan zauna a teburin da ke kusa da ƙofa har a watse.

Ina yi mana addu'ar sanyin hunturu mai sauƙi, da ƙasa mai kwanciya a ƙarƙashin gidajenmu. Wanda muke kai wa damin farko a haikalin kan tudu ya tsare wannan gari, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Kakanninmu da suka haƙa magudanan nan da hannu su dube mu da idon rahama.

Na gode da kuka saurare ni. Na gode.