Muryoyin da Ke Cikin Wayar Dakta Maharazu

Jawabin Dakta Aminullahi Bature, sakataren Ƙungiyar Likitoci Masu Kare Ɗan Tayi, a taron tunawa da marigayi Dakta Maharazu Sanda. Al Khabaisi, Dubai, Nuwamba 2019.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, Mai rayawa da kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Allah ya gafarta Malam Sulaiman, limaminmu. Ranka ya daɗe shugaban al'ummar Hausawa mazauna Dubai. Shugaban ƙungiyarmu, Dakta Zainul Abideen. Alhaji Labaran, yayan marigayi, wanda ya taso tun daga Funtuwa saboda wannan zama. Hajiya Ummulkhair, uwargidan marigayi, da 'yarmu Nana Firdausi. 'Yan'uwana likitoci da ma'aikatan jinya, iyayenmu mata da alhazan kasuwar Naif da suka rufe shagunansu suka zo. Assalamu alaikum.

A takardar shirin taro da ke hannunku, ni ne na shida. Abu na bakwai an rubuta shi a taƙaice: miƙa wayar ƙungiya. Ga wanda bai sani ba, wata tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, wadda marigayi ya riƙe shekara uku da rabi. Lambarta ce a bayan kowace takarda da muka raba. Duk macen da ciki ya zo mata a lokacin ƙunci, har ta fara tunanin zubarwa, wannan lambar take aika wa saƙon murya. Kwamitinmu ya yanke shawara a karɓi wayar daga hannun Hajiya yau, tunda ta fita takaba, a tace muryoyin a kai babban taron likitoci a Abuja, su zama shaidar aikinmu. Ina ganin wayar daga nan, tana kan cinyar Hajiya. Zan dawo kanta, amma bari in fara da mai ita.

Mun san Dakta Maharazu likitan mata ne. Mun kuma san mutum ne da ba ya iya cin abinci a zaune sai ya miƙe sau biyu. A farkon 2016 ya tara mu a falonsa, mu tara, ya ce mun yi rantsuwa za mu kare rai, to ran da bai iya kuka ba tukuna wa zai kare shi? Daga nan ƙungiyar ta tashi. Mutanen Naif ba su wahalar da kansu da dogon sunanmu ba, suka sa mana 'yan a-bar-shi. Wasu cikinmu suka ji haushi. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce sun taƙaita mana tsarin mulki.

Ya kasance mai zuwa inda maganar take. Mu muna son zaure mai sanyi da majigi, shi kuwa kowace Juma'a bayan la'asar yana Dubai Investments Park, a masaukin ma'aikata, cikin maza zalla. Na taɓa tambayarsa me likitan mata yake nema a wurin da ko mace ɗaya babu. Ya ce, "Aminullahi, rabin cikin da ake zubarwa a gida, daga nan umarnin yake tafiya ta waya." Sai ya zaunar da su, ya kunna musu wani sauti mai sauri kamar ana dakan gaggawa, ya bari su yi ta canka. In sun gaji ya ce musu bugun zuciyar 'yarsa ne, tana wata uku a ciki. Nana Firdausi, akwai ɗaruruwan mutane a garin nan da suka san bugun zuciyarki ba su taɓa ganin fuskarki ba.

Ya kasance mai tsayawa a kan abin da ya yarda da shi, amma bai taɓa barin tsayuwar ta rufe masa ido ba. Waɗanda suke wurin za su tuna ranar da muka zauna da malamai a kan macen da ciki zai kashe ta. Wani daga cikinmu ya kafe cewa ko a nan ba ma sassautawa. Maharazu ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Uwa rai ce, kuma ita ce a gabana tana kallona. Wanda zai bar ta ta mutu don a ce yana da aƙida, ya nemi wata ƙungiyar." Malam Sulaiman ya kawo masa hujja daga littafi, aka rubuta haka a takardunmu, har yau kuma haka yake.

Ya kasance ba ya tsawata wa macen da ta zo masa. Ba ya ce mata za ta shiga wuta. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, me ya tsorata ki? Wata biza ce za ta ƙare, wata maigidan aiki ne zai kore ta, wata hawan jini ne ya kusa kashe ta a haihuwar baya. Sai ya bi abin da ya tsorata ta ɗin, ya je ya zauna da maigidan aiki, ko ya kira miji, ko ya nemo mata likitan da zai riƙe ta har ta sauka. Ba duka ya ci nasara ba. Waɗanda suka ƙi jin maganarsa ma, in sun dawo da zubar jini shi yake karɓarsu, kuma bai taɓa ce wa ɗaya ai na gaya miki ba.

Ya kasance mai zurfin ciki. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nasa ya ɗauki abin da ya fi kwantena. A nan ne zan faɗi abin da ba ya cikin takardar da na nuna wa kwamiti jiya. Shugaba, na ga ka ɗago kai. Ka yi mini haƙuri, minti biyar nake nema.

A watan Maris na 2017 marigayi ya tafi Umara, ya bar mini wayar nan ta kwana goma. A cikin kwanakin muna da lacca a wannan zauren da muke zaune, ni ne mai gabatarwa. Na ga mutane suna hamma, ni kuma ina son a ce Aminullahi ya iya magana. Sai na kunna saƙon wata baiwar Allah, matar aure mai aiki a wani shagon kago, inda ake aika kaya gida, tana kuka tana cewa mijinta yana Kano bai san tana da ciki ba, aiki zai kuɓuce mata, ta samo wanda zai cire mata. Bayansa na kunna na biyu, inda take cewa ta fasa, Allah ya saka wa Dakta. Na yanke wurin da ta faɗi sunanta, a ganina na gama rufa mata asiri.

Na manta da Naif. A bayan muryarta ana jin ƙarar salatif ana naɗe kwali, ana kuma jin mai shagon yana cewa, "Yalla, yalla, kwantena za ta rufe." Babu wanda ya taɓa aika kaya Kano da bai san wannan muryar ba. Kafin saƙon ya ƙare na ji wata a layi na uku ta ce, "Innalillahi, ai wance ce." Kafin sati ya zagayo labari ya isa Kano, kuma ba kamar yadda ya faru ya isa ba. Aka ce wa mijinta ta so kashe masa ɗa a ɓoye. Ya aiko mata da saki tana da ciki wata bakwai.

Da Maharazu ya dawo, daga filin jirgi filat ɗina ya wuce, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ta ba ka izini?" Na ce na cire sunanta. Ya ce, "Ban tambaye ka suna ba. Ta ba ka?" Ya miƙo hannu ya ce, "Khalas, shi ke nan, kawo wayar." Washegari ya shiga Naif shago shago, yana cewa laifinsa ne, shi ya ba ni izini. Ya san in aka gane ni kaɗai na yi, na gama aiki a cikin jama'armu. Shekara biyu wasu mata ba sa amsa gaisuwarsa, ni kuma ina cin tuwo a gidajensu.

Yanzu ku ji inda abin ya fi muni. Wata biyu da suka wuce kwamiti ya zauna a kan wayar nan, mu bakwai. Uku suka ce a'a. Sai aka kawo hujjar da ta karya su: ai marigayi da kansa ya taɓa ba da izinin a kunna, a 2017. Ina zaune a wurin, alƙalami a hannuna. Ni kaɗai a duniya na san ƙarya ce, domin ɗayan da ya sani yana kabari. Na rubuta hujjar a littafin taro da hannuna, na kuma ɗaga hannun aka zama huɗu. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni an sare ni, na koma na sa hannu a ramin.

Alhaji Labaran, don Allah a zauna. Duk abin da za ka faɗa mini na cancance shi, kuma zan tsaya a bakin ƙofa in ji shi bayan an tashi. Ƙaninka bai taɓa ba da muryar kowa ba. Sautin da ya taɓa kunna wa jama'a guda ɗaya ne tak, kuma daga cikin gidansa ya ɗauko shi.

Ba na zargin Dakta Zainul Abideen. Ya fi ni son aikin nan, kuma maganarsa tana da ƙarfi. A Abuja za a haɗu da ƙungiyoyi irin tamu daga wurare da yawa, za a yi muhawara da mutanen da suka zo da alƙaluma, mu kuma abin da muke da shi muryoyin nan ne. Ya yi alkawarin za a sauya kowace murya da na'ura. Da wannan alkawarin na lallashi kaina har ranar Talatar da ta wuce.

Ranar Talata baiwar Allahn nan ta zo asibiti ta same ni, domin a Naif ba a ɓoye shawarar kwamiti. Tana riƙe da hannun ɗanta, ya shekara biyu da 'yan watanni, goshinsa irin na ubansa da bai taɓa ganinsa ba. Na fara yi mata bayanin na'ura. Ta ce, "Dakta, shwaiya, dakata. Ku mai da muryar ta koma ta namiji ma in kuna so. Mace nawa ce a Dubai mai 'ya'ya mata shida, mijinta kuma yana Jidda? Mace nawa ce aka yi wa aiki sau uku tana sayar da jakunkuna? Labarin ake ganewa." Na ce ko zan iya faɗin nata a taron yau. Ta ce, "Nawa ai kun riga kun raba shi. Faɗa, ko na sauran ya tsira." Ta kuma ce ba ta taɓa nadamar barin cikin ba, ko sau ɗaya. Nadamarta ɗaya ce, da ta yi magana a waya.

Jama'a, ku riƙe wannan jimlar. In matanmu suka koyi cewa kiran lambarmu shi ne abin nadama, ba za su daina shiga ƙunci ba, kiranmu za su daina. Za su tafi wurin mai allura a bayan shago, wanda ba ya tambayar me ya tsorata su. Akwai muryoyi fiye da ɗari biyu a wayar can. Wasu masu su suna cikin zauren nan, kusa da mazajensu, kuma tun da aka raba takardar shiri ba su ɗaga ido daga abu na bakwai ba. Ba na kallon kowa, takardata nake kallo.

Saboda haka, shugaba, a gaban Malam da gaban jama'a, na janye hannuna. Hujjar da aka gina shawarar a kanta ƙarya ce, ni na bari ta tsaya. Yanzu uku ne suke so, huɗu ba sa so. Littafin taro ga shi a kan tebur, da takardar ajiye muƙamina a cikinsa. In kwamiti ya ga dama ya karɓa.

Hajiya Ummulkhair, ke kaɗai kika san lambobin buɗe wayar nan. Wata huɗu da kwana goma kina cikin ɗaki, muna aiko miki da takardu masu hatimi, ni nake sa musu hannu. Sau biyu kika aiko cewa Dakta ya ce wayar ba tasa ba ce, ta masu magana ce, muka ce baƙin ciki ne yake sa ki. Ki yafe mana, ni ki fara da ni. Ba ni da bakin da zan ba ki umarni. Roƙo nake yi: layin na ƙungiya ne, a cire shi a sa a sabuwar waya, likita mace ta riƙe, don kada mai kira gobe ta ji shiru. Abin da ke cikin tsohuwar kuwa, amanar mijinki ce, kin fi mu sanin yadda zai yi da ita.

Na ga Hajiya ta buɗe jaka ta mayar da wayar ciki. Alhamdu lillahi. Shugaba, abu na bakwai yana hannunka, ni na gama nawa.

Muna godiya ga duk wanda ya taso, na kusa da na nesa. Muna godiya ga matan da suka dafa abincin da za a ci, da waɗanda suka zauna da Hajiya tun ranar farko. Nana Firdausi, in kin girma za ki ji an ce mahaifinki ya taɓa tona asirin wata mata a garin nan. Ki ce ba shi ba ne, ki faɗi sunana.

Ya Allah, ga bawanka Maharazu ɗan Sanda ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya kowane yaro da ya yi kukan farko ta dalilinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ya Allah, Maharazu ya rufa asirin bayinka mata, ya rufa nawa ni da ban cancanta ba, har ya shiga ƙasa da laifin da ba nasa ba. Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.